Jirgin da Aka Kawo Talla

Da damina ne likita ya ce jijiyar zuciyar Baba ta toshe, kuma aikin da yake bukata sai an dangana da Legas. Ni ce babba a ɗakinmu, ni ce kuma nake aure a nan Wudil kusa da shi, don haka ni aka ja gefe aka gaya wa. Na tambayi likitan ko za mu iya tafiya a mota. Ya dube ni ya ce, "Malama, in kika ɗora shi a wannan doguwar hanyar, ban ce zai wuce Zariya ba." Jirgin fasinja kuwa, ya ce kafin a yarda a ɗauki mutum da tukunyar oksijin sai an sha zirga-zirga, ga jira, ga ɗage tashi saboda ruwan sama. Baba ba shi da wannan lokacin.

Baba dillalin shanu ne a karar Wudil, wato kasuwar dabbobi, tun kafin a haife ni. Mutum ne mai ƙarfi da babbar murya, wanda in yana waya a zaure ana ji daga bakin titi. A karar ciwon ya kayar da shi wata Juma'a, ana tsakiyar ciniki. Kafin sati ya zagayo muryar ta tafi, sai ka kai kunne bakinsa za ka ji abin da yake cewa.

Na kira autanmu. Shi ya yi karatun injiniya a jami'ar garinmu, ya ƙaro ilimi a kan jiragen sama, sannan ya sami aiki a Legas da wani kamfani mai dillancin ƙananan jirage. Na yi masa bayanin halin da ake ciki.

"Yaya," ya ce, "ina Kano yanzu haka. Jiya muka zo da wani sabon jirgi, talla muka kawo shi. Gobe da hantsi za mu koma Legas da wani Alhaji da yake son ya gwada shi kafin ya saya. Akwai kujeru."

"Wane irin jirgi?"

"Ƙarami ne. Mutum shida yake ci."

"Shida? Auta, ai motar haya ta fi shi."

"Ta fi shi ɗaukar mutane, ba ta fi shi sauri ba. Bari in roƙi ogana, in roƙi Alhajin. Ke dai ki tambayi likita ko ya yarda."

Ban taɓa shiga jirgi ba. Ni ko kwale-kwalen fito ban yarda da shi ba, kuma har yau in mota ta hau gadar Wudil da damina, kogi ya cika ya yi ja, ƙasa nake kallo sai mun tsallake. Na so ƙwarai a ce wani ne zai raka Baba. Amma Inna ƙafa ta hana ta, sauran ƙannena mata kuma daga mai goyo sai mai tsohon ciki. Likita ya yarda bisa sharaɗin a tafi da ma'aikaciyar jinya. Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Gombe da ke aiki a asibitin jami'a, wadda duk unguwa ke kira Sista, ta ce za ta nemi izini ta bi mu. Kafin la'asar Auta ya kira ya ce Alhaji ya amince.

Da safe muka bar Wudil a motar asibiti. Masu soya kifi na bakin gada suna hura wuta, tifofin yashi suna hawowa daga kogi suna ɗigar da ruwa. Baba yana kwance da robar oksijin a hanci, ya ce a ɗaga masa kai ya ga kara. Ba ranar kasuwa ba ce, babu komai sai turaku da taɓo. Ya daɗe yana kallo. Wannan kallon ya tsinka min zuciya, don na ga kamar sallama yake yi da wurin.

A filin jirgin Kano ba ta inda fasinjoji ke bi aka shigar da mu ba, ta wata ƙofa ce can gefe. Da motar ta tsaya na leƙa ina neman jirgin. Na hango wani ƙato can nesa, na ce a raina to wannan da sauƙi. Sai Auta ya buɗe ƙofa ya nuna wani abu fari da ke gabanmu, wanda na ɗauka ba a gama haɗa shi ba. Fiffikensa bai wuce ƙugun Auta ba. Bakinsa tsini kamar na kifi, injina biyu manne a baya kusa da jela, ƙarshen kowane fiffike ya lanƙwashe ya kalli sama kamar an karya shi.

"Auta, fiffiken nan lafiya?"

"Haka aka ƙera shi, Yaya. Lanƙwasar tana rage masa shan mai."

Na ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa. Bai yi ƙarar ƙarfe ba, wani sauti ya yi kamar na robar ɗiban ruwa.

"Wannan ai ba ƙarfe ba ne."

"Ba ƙarfe ba ne. Wani irin zare ne ake saƙawa, a shafe shi da danƙo, a gasa. Ya fi ƙarfe ƙwari, kuma bai kai shi nauyi ba."

Da alfahari ya faɗa, don abin da yake gaya wa masu saye ke nan. Ni kuwa kalma ɗaya ce ta zauna min a kai: zare. A cikin zare da danƙo za mu ɗauki mahaifinmu mu hau sama.

Alhajin ya iso da motoci biyu. Dattijo ne siriri, mai fataucin riɗi da zoɓorodo zuwa ƙasashen waje. Ya durƙusa gaban Baba ya yi masa sannu, suka gaisa kamar sun san juna. Matuƙin kuma wani dogo ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Na yi ta waige ina jiran na biyunsa ya fito, don na sha jin cewa mutum biyu ke tuƙa jirgi. Ba wanda ya fito.

Ƙofar jirgin ita ce matakalarsa, kuma ƙarama ce ƙwarai. Gadon asibiti ba zai shiga ba. Sai da Auta da direban motar suka tallabi Baba kamar yaro, suka sunkuya da shi ciki. Hularsa ta faɗi ƙasa, na tsince ta. A ciki ba a iya miƙewa tsaye, kowa a duƙe yake tafiya. Kujeru huɗu na fata suna kallon juna, biyu a gaba wajen tuƙi. Aka kwantar da ta Baba baya, Sista ta zauna kusa da shi ta ɗaure tukunyar oksijin, ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke jininsa. Ni da Alhaji muka zauna muna fuskantarsu, gwiwata tana gogar ta Baba. Auta ya shige gaba kusa da matuƙi. Babu ƙofa tsakaninmu da su, in na waiwaya ina ganin allunan gilashi uku a gabansu kamar talabijin.

Alhaji ne ya yi tambayar da ke raina.

"Injiniya, na ga direba ɗaya ne. In wani abu ya same shi fa?"

Auta ya juyo ya nuna wani jan madanni a rufin jirgin, a ƙarƙashin murfin gilashi. "Ranka ya daɗe, in matuƙi ya suma, ko yaro ne ya danna wannan, jirgin da kansa zai nemi fili mafi kusa, ya sanar da hasumiyar filin, ya sauka, ya taka birki. Shi ya sa ake barin mutum ɗaya ya tuƙa shi. Albashin matuƙi ɗaya za ka biya, ba biyu ba."

Alhaji ya gyaɗa kai, abin ya burge shi. Ni kuwa sai a lokacin na san ashe matuƙi yana iya suma a sama, har an yi wa abin tanadi. Madannin nan daidai saman kaina yake. Tun daga nan ban daina waiwayen ƙeyar matuƙin ba, ko kansa ya ɗan sunkuyar sai gabana ya faɗi.

Da injin ya tashi, ƙarar ba ta kai yadda na zata ba, wani siririn fito ne daga baya. Jirgin ya gangara a hankali, ya tsaya, sannan ya zabura. Da yake ni baya nake kallo, sai na ji bel ɗin ya kama cikina kamar za a zare ni daga kujera. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ƙasa ta sake mu.

"Yaya, leƙa ta hagunki," in ji Auta bayan ɗan lokaci. "Ga kogin can, ga gada. Wudil ke nan."

Ban leƙa ba. Sista ce ta ɗaga kan Baba ya gani. Ya motsa baki, na sunkuya.

"Ƙanƙanuwa," ya ce.

Da muka daidaita a sama, jirgin ya yi lum kamar ba ya tafiya. Rana ta cika ciki. Alhaji ya kwance bel, ya shafa fatar kujera, ya buɗe ɗan teburin da ke jikin bango ya rufe, ya leƙa bayan labulen da ban-ɗaki yake ya dawo yana dariya, ya ce mai ƙiba sai dai ya yi haƙuri. Daga nan suka shiga ciniki da Auta, shi yana juyowa daga gaba.

Auta ya ce jirgin ba ya bukatar dogon titi, zai sauka a ƙananan filayen da manyan jirage ba sa zuwa. Ya ce mutum zai karya kumallo a Kano, ya duba kayansa a tashar jirgin ruwa ta Legas, ya dawo ya yi magariba a gidansa. Ya ce yanzu da hanyoyi suka lalace, masu hali ba sa son bin daji a mota, don haka duk ranar da Alhaji ba ya tafiya ana iya ba da shi shata, ga kamfanoni, ga 'yan siyasa, ga masu kai mara lafiya.

"Duk na ji," in ji Alhaji. "In ya lalace fa? Wa zai gyara? Sabo ne, ba wanda ya san cikinsa a ƙasar nan."

"Za a horar da makanikai, ranka ya daɗe. Ni ma ina cikinsu."

"Za a. Kayan gyaran kuma da dala za a sayo, ni da naira za a biya ni shata. Kuma mutanenmu ka san su, ba sa tafiya su kaɗai. Mai kuɗin da zai yi shatar jirgi yana da 'yan rakiya goma. Ina zai zuba su? Kuma yana so in ya fito a ga ya fito a tsaye, ba a duƙe ba."

Auta ya ce ai ƙanƙantar ita ce ribar, babban jirgi ko rabinsa babu kowa sai ya sha mansa. Suka yi ta ja. Na ji haushinsu su biyun. Muna rataye tsakanin sama da ƙasa, mahaifina yana jan numfashi da ƙyar, su suna maganar dala. Amma da na dubi Baba sai na ga idonsa a buɗe, yana bin bakin kowannensu. Ya yafito ni.

"Ashe yaron nan dillanci yake yi," ya ce a kunnena. "Na zaci gyara yake." Har da ɗan murmushi.

Ba a jima ba murmushin ya ɓace. Sista ce ta fara lura. Ta dubi abin yatsan, ta cire shi ta mayar a wani yatsan, ta murɗa kan tukunyar. Leɓen Baba ya yi duhu, gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ke ciki. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri kamar na wanda ya yi gudu.

"Sista, mene ne?"

Sai ta ɗaga murya ta ce, "Injiniya, iskar jininsa tana sauka. Na ƙure oksijin. Gaya wa matuƙi."

Matuƙin ya zare abin kunnensa gefe guda ya saurara. Ya yi bayani a taƙaice, Auta ya maimaita mana. Duk yadda aka matse iska a cikin jirgi, in ana can ƙololuwa ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Mai lafiya ba ya ji, mai ciwon zuciya yana ji. In aka sauko ƙasa-ƙasa iskar za ta yi kauri. Amma a ƙasan akwai hadari, mun baro shi ne a ƙarƙashinmu, kuma ƙaramin jirgi ba ya shanye gargada kamar babba.

Auta ya dubi Alhaji. Na ga abin da ke fuskarsa: an turo shi ya nuna wa mai saye daɗin jirgi, yanzu zai shigar da shi inda jirgin ya fi rashin daɗi.

"Me kake kallona?" in ji Alhaji. "Ku sauka mana!" Ya jawo bel ya ɗaura.

Matuƙin ya yi magana da ma'aikatan hasumiya, hancin jirgin ya sunkuya. Kunnuwana suka toshe. Hasken rana ya ɗauke kamar an ja labule, taga ta koma toka, sannan ta yi baƙi. Bugun farko ya zo daga ƙasa, kamar mota ta faɗa rami da gudu. Na biyu ya ɗaga mu ya sake mu, na ji kujera ta rabu da jikina, jakar Sista ta tashi ta bugi rufi, kayan ciki suka watse. Ruwa yana dukan jikin jirgin kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Ta taga na ga fiffiken nan yana lanƙwasawa sama da ƙasa kamar reshe. Na tuna zare ne. Na yi salati da ƙarfi, ban san na yi ba sai da na ji muryata.

Walƙiya ta haske cikin jirgin fari fat. A hasken na ga Sista ta kwance bel ɗinta, ta durƙusa a tsakanin kujeru, hannu ɗaya ta danne robar a fuskar Baba, ɗayan ta riƙe ƙafar kujera. Bakinta yana motsi, tana kiran Yesu. Alhaji ya runtse ido yana Hasbunallahu. Auta ya juyo yana kiran "Baba! Baba!" da irin muryar da yake kiransa da ita yana ƙarami. Da na waiwaya, matuƙin kaɗai ne bai juyo ba. Hannunsa ɗaya a kan sandar tuƙi, ɗayan yana taɓa allo, yana karkata mu dama da hagu yana neman inda hadarin ya yi sauƙi.

Na kamo hannun Baba. Sanyi ƙalau. Na ce a raina, shi ke nan, a nan zai cika, ba a ƙasa ba, ba a ɗakinsa ba, babu mai juya shi gabas don ban ma san ina ne gabas ba. Kuma ni na kawo shi. Na fara laƙƙana masa kalmar shahada, ina yi haƙorana suna haɗuwa saboda girgiza. Can na ji yatsunsa sun matse nawa. Ban sani ba ko amsawa yake yi, ko cewa yake in yi shiru.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. A hankali bugun ya ragu, ya koma rawa, tagar ta yi haske. Sista ta dubi abin yatsan ta daɗe, sannan ta zauna dirshan a ƙasa.

"Iskar jinin tana hawa," ta ce. "Tana hawa, Maman yara."

Goshinta ya fashe, jini yana gangarowa ta gefen ido, ba ta ma sani ba. Alhaji ya zaro hankicinsa ya miƙa mata.

Matuƙin ya sanar da Legas cewa da mara lafiya a ciki, aka ba mu hanya kafin wasu. Muka fito daga gajimare sai ga rufin gidaje jajaye ba iyaka, da ruwa kwance ko'ina. Tayoyin suka daki titi, ruwa ya tashi fari ta gefe biyu. Jirgin ya tsaya cik. Matuƙin ya cire abin kunnensa, ya juyo karon farko ya ce, "Sannunku. Yaya jikin Baba?" Rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya.

Motar asibiti tana jira. Aka sauko da Baba aka sa shi ciki. Ni kuwa da na taka matakala ta ƙarshe sai na zauna a kan kwalta a cikin yayyafi, na yi amai. Alhaji ya tsaya a kaina da lema har na tashi.

Kwana biyu bayan haka aka yi wa Baba aiki, aka dace. Mun yi kusan wata a Legas. Sista ta koma tun a satin farko, da ɗinki a goshi. Alhaji ya zo dubiya sau ɗaya, a nan ne Auta ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi shawarar da ya yanke. Ya ce jirgi dai ya ga ƙwarinsa da idonsa, ba sai an ba shi labari ba, amma ba zai zama na farko ba. A bari wani ya saya, ya ga yadda za a yi da gyara shekara guda, sannan a dawo masa. Auta ya yi dariyar yaƙe. Ogansa bai ji daɗi ba, amma bai kore shi ba, suka ci gaba da yawo da jirgin zuwa Fatakwal da Accra.

Da aka sallami Baba, likita ya ce yanzu zai iya zama a mota in za a riƙa hutawa. Auta ya kawo maganar tikitin jirgin fasinja. Kafin in buɗe baki Baba ya ce a'a, shi yana so ya ga ƙasar da shanunsa suka yi shekaru suna bi zuwa kurmi, bai taɓa ganinta ba. Muka ɗauki shatar mota, muka kwana a Ilori, muka kwana a Kaduna. A Mokwa ya sa aka tsaya ya sayi doya, a Zariya ya yi faɗa da direba a kan gudu. Muka shiga gida ana kiran la'asar, Inna tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago ta gan shi yana shigowa da ƙafarsa, tiren ya zame daga cinyarta.